Ƙafafun Laftof ɗin Wael

Shafi na 27

Kun kau da kai. Kar wanda ya ce mini bai gani ba.

A shafin da ya wuce na nuna muku yadda aka sauke Rabe daga mota a bawwaba, shingen da ake duba takardu a hanyar kudu, aka tsayar da shi cikin rana har sai da aka kira maigidansa a waya ya zo ya karɓe shi kamar akuyar da ta ɓata. Na zauna ina jira in ga wanda ransa zai ɓaci. Me na samu? Dariya. Kun cika mini ƙasan rubutu da fuskokin dariya saboda gurguwar Hausar Wael. Wata ma tambayata take ko Wael ɗin yana da aure. Wani kuma, da alama har makaranta ya yi, ya rubuta wai ai Rabe ya dace, yana zaune gaban fanka yana buga ƙwallo a kwamfuta da ɗan maigida alhali 'yan'uwansa na ɗaukar buhu.

Ya dace?

To ku matso ku ga dacewar.

Wanda yau ya fara shigowa, ga inda muke. Shekarar 2009 ce a Sabha, lokacin da allunan titi ke ɗauke da taswirar Afirka, ana ta cewa duk ɗan Afirka ɗan gida ne. Rabe mutumin Mirriah ne, kusa da Damagaram, shekararsa ashirin da shida, kuma ya yi karatu. Wata takwas kenan yana aiki a siton dabino na Haj Abdelali a unguwar Manshiya. Ranar da ya kama aiki Haj ya karɓi fasfonsa ya haɗa da na sauran ma'aikata, guda takwas cif, ya ce za a kai a buga musu iƙama, wato izinin zama. Har yau ana bugawa. Sunan Rabe ya fito cikin masu jarrabawar shiga makarantar horon malamai a Damagaram, saura kwana goma sha tara. Babbar motar da za ta keta sahara zuwa Agadez jibi Alhamis take tashi, mai bi mata sai bayan sati uku. Ba fasfo, ba wuce bawwaba.

Yau Talata.

*

"Rabe! Ya Rabe! Kai zo!"

An idar da azahar kenan. Ma'aikata sun baje a inuwar sito, kowa ya rufe fuska da riga. Awa ɗaya tak suke da ita kafin motar Ghuddwa ta iso da sabon dabino. Rabe ko takalmi bai gama sawa ba.

Salissou, abokin ɗakinsa, ya ɗaga rigar daga fuska.

"Kyaftin, ana kiranka fili."

"Rufe mini baki."

"Ka gaishe mana da fanka."

Ofishin ɗan ɗaki ne mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya da aka gitta wa ƙarfe. Wael, ɗan autan Haj, saurayi ɗan ashirin da huɗu, ya riga ya harɗe a kujerar ubansa. Kakarsa ta wajen uwa Bahaushiya ce, a bakinta ya tsinci Hausar da yake jefa wa mutane.

"Zauna, ɗan'uwa. Yau ni kashe kai biyar."

Ya miƙo masa manet, abin da ake riƙewa da hannu biyu a juya 'yan wasa.

Laftof ɗin na kan tebur, baƙi, mai kauri. Na ofis ne. An yi shi ne don ma'aikaci ya rubuta wasiƙa ya aika, ya rufe ya tafi gida. Haj ya same shi da araha lokacin da wani kamfani ya rufe aka yi gwanjon kayansa. Sati biyu ya yi yana aikin da aka saye shi dominsa, sai Wael ya ɗura masa wasan ƙwallon da ya fi ƙarfinsa.

Tun daga ranar na'urar nan ba ta huta ba. Da an take wasa sai fankar cikinta ta fara kuka kamar injin niƙa, iska mai zafi na feso wa ta gefen hagu, 'yan wasa su riƙa tsayawa cak da ƙafa ɗaya a sama. Babu dabarar da Wael bai yi ba. Ya rage kyan hoto har 'yan wasan suka rasa fuska. Ya cire 'yan kallo, filin ya koma kamar maƙabarta. Ya kashe inuwa, ya kashe ruwan sama, ya zare batir. Ya kafa mata fankar tebur. Daga ƙarshe ya sa aka yi mata ƙafafu huɗu, wasu 'yan dunƙulen abubuwa da aka nannaɗe da baƙin salatif, ɗaya a kowace kusurwa, don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa.

Duk da haka da wuya ta kai ƙarshen wasa biyu.

"Ni Libiya," in ji Wael.

"Ni fa?"

"Nijar babu cikin wasa. Kai ɗauki Kamaru. Duka Afirka, duka ɗaya."

Rabe ya ɗauki Kamaru.

Wanda ya ce ya dace bai san ƙa'idar wannan wasa ba. Idan Rabe ya ci, Wael ya kumbura, kwana biyu ba a maganar fasfo. Idan ya saki jiki aka zuba masa shida, Wael ya ce raina shi yake yi. Dole ya yi gumi, ya kai hari, ya bugi turke, sannan a minti na ƙarshe ya bar ƙofa a buɗe yadda ba za a gane ba. Ɗaukar buhu ya fi wannan sauƙi. Buhu ba ya kallon fuskarka.

Ya bari sai da Wael ya jefa ta biyu, ya gama ihunsa, sannan ya ce, "Wael, maganar jawaz ɗina, fasfona."

"Baba ya ce gobe."

"Jiya ma gobe ka ce."

"Jiya gobe, yau gobe. Ni ba canja magana." Ya ƙyalƙyale da dariya, idonsa na kan allo.

"Motar jibi ce. In ta tafi ta bar ni, jarrabawar ta wuce ni. Shekara guda kenan."

"Malam, malam! Kai so zama malam, yara su jefa kai da alli? Nan akwai fanka, akwai shayi. Buga, buga, ɗan'uwa!"

Ɗan wasan Kamaru ya tsaya da ƙwallo a bakin raga. Kukan fankar ya yi sama, ya yi sama, sai ɗif. Allo ya yi baƙi.

Wael ya zunduma ashar da Larabci. Ya kai hannu gefen hagu, ya janye da sauri yana yarfewa.

"Wuta! Wallahi wuta!"

Ya miƙe ya ɗauki makullin mota.

"Ni je ci abinci. Kai zauna, riƙe fanka nan, daidai nan. Shi huce, mu ƙarasa. Biyu da ɗaya, kar ka manta."

Ya fita.

Mutumin da ya haddace tarihin daulolin Afirka don jarrabawa, ga shi zaune riƙe da fanka yana yi wa kwamfuta fifita.

*

Ƙofa ta motsa. Zénabou ce, mai sharar ofis da dafa wa ma'aikata shayi, mutuniyar Tanout, ta haura arba'in. Nata fasfon ma yana cikin takwas ɗin. Ta ajiye bokiti, ta leƙa waje, ta tura ƙofar da ƙafa.

"Ɗan lakwal, nawa aka ci ka yau?" Haka take kiransa, wato ɗan boko.

"Biyu da ɗaya, Tanti. Zafi ya raba mu."

"Allah ya saka wa zafi." Ba ta yi dariya ba. "Ajiye fankar nan."

"Ya ce in riƙe."

"Na ce ajiye. Ɗaga abin nan."

"In ɗaga? In ya dawo ya ga an taɓa..."

"Rabe. Na haifi kamarka. Ɗaga."

Ya ajiye fankar. Ya kama laftof ɗin ta gefe da bakin rigarsa, ya ɗauke shi ya aza a kan kujera. Ƙafafun huɗu suka rage a kan tebur, kowacce da zoben ƙura a kewaye.

Zénabou ta nuna ta gaba ta hannun dama.

"Jiya ina goge tebur tsumma ya kama bakin salatif ɗin. Zafi ya sa ya yi laushi, ya ɗago. Na leƙa. Ban iya karatu ba, ɗan lakwal, amma na san kore in na gan shi."

"Wane kore?"

"Ɓare ka gani. Ni tun jiya bakina ya ƙi buɗuwa."

Ya sa farce. Salatif ɗin ya biyo hannunsa yana danƙo, zagaye ɗaya, zagaye biyu. A na uku kusurwar wani ɗan littafi ta leƙo. Kore. Da rubutun zinariya.



Littattafai biyu ne aka haɗa baya da baya. Ya buɗe na farko. Fuskar Salissou ce, da gashinsa na da. Na biyu na Amadou direba.

"Innalillahi," in ji Rabe.

"Ci gaba."

Ya ɓare ta biyu. Ya buɗe, ya dubi hoton, ya dubi Zénabou, ya miƙa mata.

Ta goge hannu a zani sau biyu kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo.

"Dubi kumatuna," ta ce a hankali. "Ashe da ina da kumatu."

Ta uku ma biyu ne, na wasu 'yan Maraɗi. Shida kenan. Babu ko ɗaya da aka buga wa komai, shafukan iƙama fari fat. Ba inda aka kai su. Wata shida yana zuwa ɗakin nan kullum, gwiwarsa na gogar tebur ɗin, yana roƙon abin da bai fi taƙi biyu da hannunsa ba.

Saura ɗaya. Ta baya ta hagu, wadda ke daidai bakin ramin da iska mai zafi ke fitowa. Ya taɓa ta, ya janye yatsa. Har yanzu da zafinta.

"Ku mayar da su."

Suka juya tare.

Baba Assoumane ne a bakin ƙofa, shugaban ma'aikata, dattijo ɗan Tahoua mai shekara ashirin da biyu a siton nan. Makullan ofis da na durowa a wuyansa suke rataye. Ya shigo ya rufe ƙofa.

"Ku nannaɗe su yadda kuka same su. Maza, kafin yaron nan ya dawo."

Rabe ya tsura masa ido. Dattijon bai dubi fasfon ba. Bai yi salati ba. Bai tambayi komai ba.

"Baba... ba ka yi mamaki ba."

Dattijon ya kau da kai.

"Baba, ka san suna nan?"

"Ka rage murya."

"Ka sani?"

"Ni na naɗe su."

Zénabou ta dafe ƙirji. "Malam! Kai?"

"Ni. Ku saurare ni, ku bar zare mini ido." Ya zauna a bakin tebur. "Bara, kafin ka zo, ambulan cike da fasfon ma'aikata ya kwana a durowar nan. Akwai wani dillali da ya riƙa zuwa shan shayi wurin Haj. Rana ɗaya aka wayi gari fasfo biyar babu. Aka ce sun ɓata a hanya. Masu su har yau suna gonakin mutane, ba gaba ba baya. Zénabou, ƙarya nake?"

Ta sunkuyar da kai. "An yi haka."

"To wata shida da suka wuce na ga mutumin nan ya dawo shan shayi. A satin ne Wael ya ce in samo masa katako a ɗaga na'urarsa. Na kwashe su daga ambulan, na yanka kwalin dabino daidai girmansu na zuba a ciki, na liƙe. Durowa kowa na buɗewa. Amma wa ya isa ya taɓa abin wasan Wael? Ko Haj bai isa ba. Kullum na shigo sai in ƙirga da ido, ɗaya, biyu, uku, huɗu, in ce alhamdulillahi, 'ya'yan mutane suna nan."

"Suna nan," in ji Rabe. "Mu fa? Mu muna ina?"

"Na cece su daga hannun dillali."

"Me ya hana ka ba mu?"

"In ba ku ku watse? Haj ya buɗe ambulan ya ga kwali, wa ke riƙe da makulli? 'Ya'yana uku a garin nan aka haife su, a nan suke karatu. In aka ɗora ni a mota aka kai ni iyaka, wa zai riƙe su? Kai? Na ce a raina bari kaka ta wuce, in san yadda zan lallaɓa Haj."

"Wace kaka? Dabino yana ƙarewa ne a siton nan?"

"Yaro, ka yi haƙuri..."

"Kar ka ce mini haƙuri!"

"Rabe," in ji Zénabou, "babba ne."

"Na san babba ne, Tanti, shi ya sa abin ya fi ciwo!" Ya juya wajen dattijon. "Duk Asabar nake zuwa in durƙusa gabanka, Baba. In ce ka sa baki. Me kake ce mini? Ka ce in yawaita addu'a. Na nuna maka takardar jarrabawa, ka shafa kaina ka ce Allah ya ba da sa'a. Ranar da aka dawo da ni daga bawwaba, leɓena ya tsage, wa ya kawo mini ruwa? Kai! Ka san inda fasfona yake, ka miƙo mini ruwa!"



Ku bar ni in tsaya a nan in faɗi wata magana, don na san yanzu wasunku sun fara cewa ai tsohon da kyakkyawar niyya ya yi. Na yarda. Ba mugu ba ne. Irinsa ne suka cika ko'ina: mutanen kirki masu tsoro, waɗanda ke ɓoye matsala a wuri mai kyau su riƙa leƙa ta kullum suna hamdala. Mugu ɗaya ne a sito. Masu lallaɓa shi su ne da yawa.

"Saura biyu," in ji Rabe. "Nawa da na wa?"

"Da nawa."

Rabe ya ɗago.

"Shekara ashirin da biyu fasfona bai taɓa kwana a ɗakina ba," in ji Assoumane. "Naka da nawa na haɗa. Na sa su a baya, wajen bango, inda ido ba ya kaiwa. Wurin da ya fi kowane ɓoyuwa na ba ka, don na ga kai ne mai karatu, kai ne za ka fi buƙatarsa."

"Wajen bango ta hagu."

"I."

"Baba, ka san me ke fitowa ta nan?"

"Me ke fitowa?"

"Ba ka taɓa sa hannu ba?"

"Ni me zai kai hannuna kan kayan yara? Ai kamar rediyo ne, ko? Ɗan ɗumi kawai."

Rabe ya jawo ƙafa ta huɗu.

Wannan salatif ɗin bai ɓaru kamar sauran ba. Ya narke ya daskare, ya narke ya daskare, sau ɗari ko fiye, har ya zama kamar kwalta. Sai da Zénabou ta ba shi wuƙar yanka sukari. Ya yanka a hankali ta gefe. Warin roba ya tashi.

Koren bangon ya koma ruwan ƙasa. Littafin ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Na sama, wanda ya sha wutar kai tsaye, shi ya fara buɗewa. Shafukan sun manne. Ya sa bakin wuƙa ya raba su.

Sunan yana nan. RABE.

Amma ledar da aka lulluɓe hoton da ita ta kumbura, ta yi ƙuraje, ta ɗago daga takarda. Rabin lambar fasfon ya bi ta. Inda fuskarsa take babu ido, babu hanci, sai wani tabo kamar an ɗiga shayi an shafa da yatsa.

Zénabou ta toshe baki da mayafi.

"Ai... ai sunan ya fito," in ji Assoumane. "Ga sunan nan. Za su gane."

"Za su gane me? Duk wanda ya ga wannan a bawwaba abu ɗaya zai ce: an ɓanɓare hoto za a canja. Da babu fasfo, mayar da ni aka yi. Da wannan, rufe ni za a yi."

"Akwai ofishin jakadanci..."

"A Tarabulus! Bawwaba nawa ce tsakanin nan da can, Baba? Ka ƙirga mini da ido!"

Dattijon ya miƙa hannu ya ɗauki nasa, wanda ke ƙasa. Ya ɗan lanƙwashe, amma hoton lafiya lau. Fasfon Rabe ne ya kare shi.

Ya dubi hoton nasa. Ya dubi tabon da ke hannun Rabe. Sai ga hawaye na bin gemunsa.

"Wallahi, ɗana, ban sani ba."

"Na yarda ba ka sani ba. Tambaya ce ba ka yi ba."

Ƙarar mota a ƙofar sito. Ba ɗaya ba, biyu.

Zénabou ta leƙa ta taga. "Haj ne! Da Wael, da wata farar mota ban san ta ba."

"Ku mayar! Don Allah ku mayar!" Assoumane ya rarumo guntayen salatif, suna manne masa a yatsu.

"Da me za mu naɗe? Ya yage."

Zénabou ba ta tsaya jin su ba. Ta tattara shidan nan ta cusa a ƙugunta, ta ɗaure zani tamau, ta saki mayafi a kai. Assoumane ya jefa nasa a aljihu. Rabe ya tura nasa cikin riga, ya kwashe salatif ɗin ya danna a bokiti ƙarƙashin tsumma, ya mayar da laftof ɗin kan tebur.

Laftof ɗin ya zauna daram a kan katako. Ba ƙafa ko ɗaya.

Ƙofa ta buɗe.

Haj Abdelali ya shigo da farar jallabiyarsa yana jan carbi, Wael na biye da shi da gwangwanin lemo a hannu. Haj ya yi shekaru yana ciniki da Hausawa, Hausarsa ta fi ta ɗansa nesa.

"Madalla, ga ku duka. Rabe, albishirinka."

Rabe ya miƙe tsaye. Fasfon na ƙona masa ciki.

"Abokina na Samnu yana waje. Yana son mutum huɗu a gonarsa har ƙarshen shekara, kuma yana son ɗaya mai karatu. Na ce ina da shi. Ka ga yadda nake tuna ka? Yanzu za ku tafi, je ka ɗauko kayanka."

"Haj, jibi ne motar..."

"Wace mota? Ba ka ji daɗin bawwaba ba ne?" Ya yi murmushi. "Takardunku za su koma hannunsa, shi zai ƙarasa muku iƙama. Assoumane, kawo ambulan."

Assoumane bai motsa ba.

"Assoumane."

Dattijon ya ciro makullin daga wuya. Sau biyu yana kuskure ramin. Haj ya yi tsaki, ya karɓa ya buɗe da kansa. Ya ɗauko ambulan ɗin, ya yage bakinsa, ya juye a kan tebur.

Guntayen kwali takwas suka zubo. A jikin ɗaya har da hoton reshen dabino.

Carbin ya daina motsi.

A daidai lokacin Wael ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin laftof ɗinsa.

"Ina ƙafa? Wa ɗauki ƙafa nawa?"

Ba wanda ya kula shi. Haj ya taka a hankali zuwa ƙofa, ya murza makulli, ya zare shi ya jefa a aljihun jallabiya.

"Ba mai fita."

Ya dubi Assoumane. Shekara ashirin da biyu. Ya kau da ido daga kansa, don ko a mafarki bai zata ba. Ya dubi Rabe, ya wuce. Idonsa ya tsaya a kan Zénabou.

"Ke ce kike shiga nan ba kowa. Kullum. Ke kaɗai."

"Haj, ni shara nake..."

"Me ke ƙugunki?"

Hannunta ya kai wurin da kansa.

"Ki fito da shi, ko in kira shurta, 'yan sanda su zo da mace ta caje ki. Kin san inda ake kai ɓarawon takardu."

Zénabou ta juya ta kalli Assoumane. Kallo ɗaya. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa.

Baba Assoumane ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Haj ya ciro waya.

Rabe ya ji gumi na gangara ta kan ɗan littafin da ke manne da fatarsa. In ya fito da shi, ya fito da shaidar da za a rufe shi da ita. In ya yi shiru, matar da ta ce masa ɗaga ita za a tafi da ita.

Haj ya fara danna lamba.

Rabe ya sa hannu cikin riga.

"Haj. Ajiye wayar."

*

Nan na tsaya, kuma ba don in ja muku rai ba. Aiki zan ba ku.

Kai da kake riƙe da waya yanzu, kana da wani a waje. Ƙane, ko miji, ko 'yar maƙwabta da aka ce ta tafi aikatau, wanda kuke jin daɗin cewa yana can yana nema. Kira shi yau, kafin rana ta faɗi. Kar ka tsaya dogon gaisuwa. Tambaya ɗaya za ka yi masa: fasfonka yana hannun wa?

In ya ce yana wurin maigida, kar ka ce to madalla. In ya ce wani babba ne ya ajiye masa, kar ka ce Allah ya saka. Ka tambaye shi yaushe rabon da ya gan shi da idonsa, ya buɗe, ya ga fuskarsa a ciki. Ka karɓi lambar fasfon ka rubuta a takarda, da sunan maigidan, da unguwa, da sunan wanda suke ɗaki ɗaya. Ka sanar da ƙungiyar 'yan garinku da ke can, ka dame su har sai sun taka da ƙafarsu.

Rufe wannan shafin. Kira shi.